Fulawar da Ba a Yin Fanke da Ita

Ranar da abin ya fara wata Asabar ce a ƙarshen Janairun 2024, hazo ya rufe Sharaɗa har ba ka hango bututun hayaƙin kamfanin da ke tsallaken titi. Na kira uwargida a waya na ce, "Ki share wuri a falo, ina tafe da fulawa, Injiniyanmu ɗan Sin ne ya ba ni." Ta ce, "Buhu ko rabi?" Layin ya katse kafin in amsa, ni kuma ban ga dalilin ƙona kati a kan maganar da za ta gani da idonta ba. Ko da na sauka daga adaidaita sahu a Ja'en, ta riga ta aika an sayo yis da sukari, ta kuma yi wa maƙwabta biyu alkawarin kwano ɗai-ɗai. Sai ga ni na yi sallama rungume da 'yar tukunyar roba: ganye huɗu masu kauri kamar harshen saniya, da siririn kara ɗaya ɗauke da furanni tara ruwan hoda.

Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta leƙa bayana ko mai adaidaita na biye da buhu. Sannan ta ce, "Malam, ita ce fulawar?" Na ce ita ce. Ta ce, "To, Allah ya amfana," da irin muryar da ake yi wa mutum jajen gobara.

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da sito a wani kamfanin roba, masu yin buta da bokiti da kujeru. Injiniyan da nake magana shi ke kula da injinan narka roba. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kuɗi" ba, Turancinsa bai fi nawa Sinancin ba, don haka duk hulɗarmu da hannu muke yin ta, kamar kurame biyu a kasuwa. Sabuwar shekararsu ta faɗo 10 ga Fabrairu a waccan shekarar, kuma su ma kamar mu da Sallah, kowa gida yake nufa. Ana gobe zai tashi ya kira ni ofishinsa, ya ɗauko tukunyar daga kan taga ya ɗora mini a hannu. Ya nuna furannin, ya karkaɗa yatsu zuwa ƙasa kamar ruwa na zuba. Ya nuna ni. Ya nuna ƙofa. Sannan ya tafa hannu sau biyu kamar mai kakkaɓe ƙura.

Ban buƙaci tafinta ba. Maganar a fili take: ranar da furannin nan suka zube, kai ma ka kama hanyar ƙofa. Wanda duk ya san Sharaɗa da Bompai, ya ga kamfanonin da aka garƙame tun shekaru, ƙofofinsu sun yi tsatsa, tumfafiya ta fito a inda a da motoci ke layin ɗaukar kaya, ya san mai 'ya'ya biyar ba ya wasa da maganar ƙofa. Na dafa ƙirji, na rusuna, na ce masa da Hausa, "Amana ce, na karɓa." Ya yi murmushi ya ɗaga mini babban yatsa.

Gaskiya ban ji tsoro ba, don abin ya zo gidan sauƙi. Ni ɗan Kadawa ne. A cikin fangali na buɗe ido, ruwan Tiga da aka datse a 1974 shi ya raine mu, shinkafa da tumatir da alkama babu wanda ban yi wa ban-ruwa ba tun ban kai tsawon fartanya ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini cewa shuka abu huɗu take nema, ƙasa da ruwa da taki da rana, wanda ya ba ta su kuma sai ya koma ya jira ikon Allah. To da na zauna a falo na ƙare wa amanata kallo, sai tausayinta ya kama ni. Babu ko ƙwayar ƙasa a tukunyar, sai gutsattsarin ɓawon itace kamar sharar 'yan katako. Tukunyar kanta garai-garai, ana hango cikinta. Wasu saiwoyi masu ruwan toka sun leƙo waje suna reto a iska kamar yatsun tsohuwa. Na girgiza kai na ce wa uwargida, "Mutanen nan sun iya inji, wannan ba a ja da su. Amma noma sai mu."

Washegari na karɓi almakashinta na ɗinki na datse duk saiwar da ta fito waje, tun da a sanina saiwar da ta ga rana ta mutu. Na aika Kadawa aka ɗebo mini laka mai kyau, baƙa wuluk, irin wadda shinkafa ke hauka a cikinta. Na cuɗa ta da kashin tumaki, na barbaɗa ɗan kamfa, na cika bokitin fenti, na dasa baƙuwa na danna ƙasar da dunduniyar hannu. Ban-ruwa sau biyu, bayan asuba da kafin magariba. Da hantsi kuma in fito da ita tsakar gida ta sha rana, don na lura a ofishin Injiniya kullum a bayan labule take kamar mai takaba.

Abin da ya cuce ni shi ne kawaicinta. Da tumatir ne, kwana biyu zai langaɓe ya gaya maka ka yi kuskure. Ita kuwa wannan Bafillatana ce, tana mutuwa ta ƙasa tana yi maka murmushi ta sama. Sati uku cur furannin na tsaye ƙyam, ni kuma ina yawo da hotonsu a waya. A majalisarmu ta wajen mai shayi na zama malamin furanni. Wani ya tambaya ko ana miya da ganyen. Na ce a'a. Wani ya ce, "To maganin me take yi?" Na ce maganin kora daga aiki. Wani dattijo da ya yi shekaru a kamfanin jima a Challawa ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin namiji da gemunsa yana kiwon abin da ba a ci, ba a sha, ba a hawa ba. Na ce masa zamani ne. Ya ce, "Zamanin dai."

A sati na huɗu ganyen ya fara yaushi, ya yi tamoji-tamoji kamar fatar da aka manta a rana. Kowane manomi ya san ma'anar yaushi. Na mayar da ban-ruwa sau uku. Sai daga baya na gane cewa a wajen wannan shuka, alamar ƙishirwa da alamar nutsewa ɗaya ce: saiwar ta riga ta ruɓe a cikin laka, ba ta da bakin sha, ganye na bushewa alhali gindinsa na cikin tafki. Ni kuma ina tsaye a kanta da buta, kamar mai ɗura wa wanda ya faɗa rijiya ruwa don ya farfaɗo.

Wani farin tabo ya fito a ganyen sama inda rana ta fi duka, ya koma baƙi. Nan dai na yarda ranar ta yi yawa, na dawo da ita falo, na ɗora ta a kan tebur. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, da wani irin zafi da har yau ake labarinsa, kuma teburin nan shi ne inda uwargida ke ajiye farantin ayaba da mangwaro na buɗa-baki. Bayan tagar kuma janareton maƙwabci ne ke tari duk daren da aka ɗauke wuta. Uwargida, a nata ƙoƙarin, kullum da yamma sai ta kewaye falon da kaskon turaren wuta. Cikin kwana huɗu furanni tara suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ashe 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, hayaƙi ma yana ɗauke da ita, kuma ita ce ke gaya wa fure cewa kwanansa ya ƙare. Duk mai sayar da ayaba a 'Yan Lemo ya san idan ya haɗa nunanniya da ɗanya ya rufe, ɗanyar za ta yi saurin nuna, ko da bai san sunan iskar ba. Ni mai takardar difloma ban sani ba.

Akwai abin da na yi a daren da na ƙarshe ya faɗi wanda ban taɓa gaya wa majalisa ba. Na tsince furanni uku da ba su gama yaushi ba, na manna su a jikin karan da sufa gulu, na ɗauki hoto daga nesa, don ko Injiniya zai nema ta WhatsApp. Cikin azumi. Allah ya yafe mana. Bai nema ba, yatsuna biyu kuma suka kwana a manne.

Bayan Sallah da kwana uku na taɓa ganye ɗaya don in share masa ƙura, sai shukar gaba ɗaya ta biyo hannuna. Warin da ya tashi daga bokitin nan, dattijon Challawa da kansa zai sara masa.

A daren ne na yi abin da ya kamata in yi tun Janairu, na sayi data na zauna karatu. Sunanta okid, kuma danginsu babba ne, nau'insu ya haura 25,000. Har banilar da uwargida ke ɗigawa a kek daga 'ya'yan wata okid ake samunta. Irin tawa, wani masanin tsirrai mai suna Carl Blume, da ya yi aiki a tsibirin Java zamanin mulkin 'yan Holan, shi ya raɗa mata Phalaenopsis a 1825, daga kalmomin Girkanci da ke nufin mai kama da faɗa-wuta, ƙwaron nan ɗan'uwan malam-buɗe-littafi da ke kewaya fitila da dare har ya ƙone. Na karanta wurin sau biyu, na rasa ko furen ake nufi ko ni. Mutanen Sin da malam-buɗe-littafin suke kwatanta ta, mutanen Indunusiya kuma da farin wata, har suka sanya ta cikin furanninsu uku na ƙasa a 1993.

Asalinta dazuzzukan Indunusiya da Filifin da Taiwan ne, har zuwa arewacin Ostireliya, kuma ko a can ba ta taka ƙasa. A jikin reshen bishiya take maƙalewa, cikin inuwa, ruwan sama ya wanke ta ya wuce, iska ta busar da ita. Saiwoyin da na datse da almakashi su ne hancinta da bakinta: wata fata mai kamar soso ce ta lulluɓe su, tana tsotse ruwa da raɓa, idan ta sha ta koma kore, idan ta bushe ta koma ruwan azurfa. Har abinci suke haɗawa da haske kamar ganye, shi ya sa ake sa ta a tukunya garai-garai. Ɓawon itacen da na kira shara, shi ne reshen da aka kawo mata har gida. Taki kuwa ɗan kaɗan take so, a tsarma shi da ruwa sosai, mai ƙarfi ƙona saiwar yake. Wato abubuwa huɗun da mahaifina ya bar mini gado, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na kashe baiwar Allah da su, ban tsallake ko ɗaya ba.

Sai maganar yanayi. Tana son zafi tsakanin digiri 18 da 30, da iska mai laima fiye da kashi 50 cikin ɗari. Kano kuwa da hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Da bazara zafi ya haura 40. Kawo ta Sharaɗa daidai yake da a kamo tarwaɗa a Tiga a ce ta je ta yi zaman aure a Agadas.

Mai hankali a nan zai tsaya. Zai jira Injiniya ya dawo, ya dafa ƙirji ya ce ƙaddara ta faɗa wa amana. Amma labari ya zo cewa an wuce da shi wani reshen kamfanin a kudu, sai wani lokaci zai dawo, sai na ga Allah ya ba ni dama. Na zaga masu sayar da shuke-shuke na bakin titi a Nasarawa, ina nuna hoto. Kowa ya duba sai ya ce, "Alhaji, wannan sai Abuja." Na kira ɗan ƙanen babana da ke aiki can. Bayan kwana biyu ya bugo ya ce ya samu a wani babban kanti, daga waje ake kawo su, don a Holan da Taiwan ake rainon miliyoyinsu a gidajen gilashi. Naira 45,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 30,000 ne, sai a Yulin shekarar aka mai da shi 70,000. Watan kuma ɗaukar adashen uwargida ne.

Ba zan faɗi yadda aka yi ta ba ni kuɗin ba. Na dai yi maganar ƙofa, na yi maganar 'ya'ya biyar, na yi rantsuwar da ta fi ƙarfin bashin. Ta ƙirgo ta miƙo, ta ɗauki biro ta rubuta adadin a bayan kalandar falo, inda duk baƙon da ya juya ta zai gani.

Na je tashar Unguwa Uku na karɓi kwali daga hannun direba. Na buɗe a wurin. Shuɗiya. Shuɗi irin na bulan wanki, mai kashe ido. Na kira yaron na ce, "Kai, ruwan hoda na ce maka!" Ya ce, "Yaya, ai wannan ta fi tsada, ta fi kyau, ita manyan mutane ke saya." A cikin adaidaita na shirya abin da zan gaya wa Injiniya: iskar Sharaɗa ce. Shi kansa shaida ne cewa kwatar da ke bin bayan kamfanoni yau ja ce, gobe shuɗiya, jibi baƙa, gwargwadon abin da aka rina a ranar. Idan ruwa na canza launi a unguwar nan, me zai hana fure?

Da ta biyun na koma wani mutum daban. An ce tsoron ruwa ake yi, to na karanta cewa wani kamfani a Amurka na koya wa masu saya su ɗora ƙanƙara guda uku a tukunyar sau ɗaya a mako, ta narke a hankali. Wannan dabara ce ta mutanen da firjinsu bai san ɗauke wuta ba. Ni sai na aiki yaro wajen mai ƙanƙara a watan Mayu, ya sayo dunƙule, kafin ya iso gida ya shanye rabi, rabin ya zama ruwa a leda. Na sayi 'yar kwalbar feshi irin ta masu aski, ina fesa mata duk sanda na gifta. Na sayi ma'aunin zafi na rataye. Na sa yara su yi mata fifita bi da bi, abin da ban taɓa sa su yi wa kakarsu ba. Da safe tana taga ta gabas, da rana ƙarƙashin gado, da yamma bayan ƙofa. Ƙaramar 'yata ta fara gaishe ta da safe, don ta ɗauka wata babba ce a gidan. Uwargida kuma ta raɗa mata suna Amarya, tana cewa ita aka yi wa kishiya da kuɗin adashenta.

Furannin shuɗin suka yi wata biyu suka zube, wannan karon don lokacinsu ya yi. Amma da damina ta kankama sai ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, na biyu ya fara laushi. Na san wannan hanyar, na taɓa bin ta. Na kuma kasa taɓa tukunyar, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ana cikin haka Inna ta zo daga Kadawa ganin jikoki, a watan Agusta. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" nake tun ina yaro. Ta kwana biyu tana kallon hidimata ba ta ce uffan ba. A rana ta uku ta jawo tukunyar gabanta, ta cusa yatsa, ta shinshina. Ita wannan ba a ɓawon itace ta zo ba, a cikin wata busasshiyar gansakuka aka danƙare ta, wadda ke riƙe ruwa kamar katifar da aka yi wa fitsari, ga feshina, ga laimar damina.

"Kai wannan," in ji ta, "me ya sa ka naɗe abin bishiya a jiƙaƙƙen tsumma? Dubi saiwarta, ai ba ta ƙasa ba ce. Dangin kauci ce."

Maimakon in yi shiru, sai difloma ta motsa. Na gyara zama na bayyana mata cewa akwai bambanci: kauci yana huda reshe ne ya tsotsi ruwan jikin bishiyar, ita kuwa okid zama kawai take yi, 'yar haya ce da ba ta cin tuwon maigida. Har na ƙara mata da cewa mu ma a Afirka muna da namu, akwai wata mai ɗigo-ɗigo kamar damisa da ke zama a cokalin bishiya, wadda aka sa wa sunan wani Bature John Ansell da ya tsinto ta a tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841.

Inna ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "To madalla. Tun da ka san duk wannan, ta farkon tana ina?"

Na dubi uwargida. Uwargida ta dubi silin.

Umarnin Inna gajere ne. A cire tsumman. A yanke duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, a bar masu tauri. A nemo ɓawon itace. Don haka na tafi kasuwar Kurmi wajen masu sassaƙe na ce a ba ni na maɗaci, manya-manya, mudu guda. Mai maganin ya dube ni da tausayi ya rage murya ya ce, "Basir ne ko shawara?" Na ce na fulawa ne. Ya ce, "Ba komai, Alhaji, kowa da yadda yake kiran nasa." Na jiƙa sassaƙen kwana uku ina zubar da ruwan don ɗacin ya fita, sai maƙwabcina ya gani ya ce haram a yi asarar jiƙo, ya kawo galan. Har yau yana cewa bai taɓa jin daɗin jikinsa kamar satin nan ba.

Muka haɗa sassaƙen da gawayi da ɓawon kwakwa, muka mayar da ita tukunyarta mai huji, Inna ta ɗauke ta da kanta ta kai lungun baranda inda randa take, ta ajiye a kan bulo kusa da jiƙaƙƙen yashin da randar ke zaune a kai. Haske na isa wurin, rana ba ta isa. Wannan ma na so in yi bayani, don na san wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ci kyautar Rolex a 2000 da wannan hikimar, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na tashi yana tafiya da zafi. Na buɗe baki, na tuna tambayar ɗazu, na rufe.

"Ruwa daga Juma'a sai Juma'a," in ji Inna. "Ka kwarara ya fita ta ƙasa, da safe, kada ya kwanta a tsakiyar ganyen. Kuma ka daina kallonta. Ko ɗan mutum aka sa wa ido haka ba zai yi ƙiba ba."

Maganar tsakiyar ganyen daidai take da abin da na karanta, ruwan da ya kwana a wurin shi ke ruɓar da zuciyar shukar, kuma feshina na masu aski can yake taruwa. Na tari ruwan sama a jarkoki kafin damina ta ɗauke, don na rijiyarmu yana barin farin gishiri a gindin buta. Da hunturu ya shigo iska ta bushe, sai na koma duba saiwar ta jikin robar: in ta yi azurfa in ba ta, in tana kore in wuce. Wani makon sau biyu ke nan. Ƙurar da ke kwanciya a ganyen uwargida ke gogewa da ɗanyen ƙyalle, tana yi tana mita, amma ba ta taɓa fashi ba.

A watan Oktoba wani koren tsiro ya leƙo daga gindi. Na tafi majalisa na sayi shayi da burodi na mutum bakwai, na sanar cewa Amarya ta ɗauki ciki. Bayan sati biyu tsiron ya lanƙwasa ya nufi ƙasa. Saiwa ce. Dattijon Challawa ya ce ba komai, shayin dai ya riga ya wuce.

Na gaskiyar sai a Disamba ya fito, lokacin da sanyin dare ya sa kowa neman bargo. Ashe saukar zafin nan na 'yan makonni shi ke tayar da ita ta yi kara, wato hunturun da nake tsoro shi ne ungozomar. Karan fure daga tsakanin ganye yake fitowa, kansa a ɗan baje kamar hannun jariri, kuma haske yake bi, saɓanin saiwa mai kai a mulmule. Wannan karon ban gaya wa kowa ba. Na yi wata uku ina wucewa ta gabanta ina kallon gefe, kamar mai bin surukarsa bashi.

Ranar goma ga azumin 2025 uwargida ta tashe ni bayan sahur ta ce in zo in gani. Furen farko ya buɗe.

Fari. Fari fat, kamar alawayyo.

Na koma waya hannuna na rawa. Ashe irin shuɗin nan na kanti rini ne. Farar ake ɗauka a yi wa karan allura, launin ya hau cikin furen, kuma in ta sake fure sai ta koma yadda Allah ya yi ta. Na lalubo tsohon karan da na yanke na adana a cikin littafi, ga ɗan hujin allurar nan an toshe shi da kakin zuma. Wato na ba da 45,000 na sayi abin da marinan Ƙofar Mata suka fi ƙarni biyar suna yi, kuma nasu ba ya zuba. Har na fara lissafin ko in je in roƙi ɗan ruwan baba a kwalba in nemi sirinji. Uwargida ta ce in na kusanci Amarya da allura, ita da kanta za ta kira Inna. Ta ƙara da cewa a tarihin Sharaɗa wannan ne karo na farko da wani abu ya shigo da launi ya koma fari, don haka in bar ta ta kafa tarihi.

Injiniya ya dawo bayan ƙaramar Sallah, wata goma sha huɗu da tafiyarsa. Na sa babbar riga, na rungumi tukunyar a bayan adaidaita ina kare ta da lema, furanni bakwai suna rawa. Na shiga ofishinsa na ajiye a kan tebur, na dafa ƙirji. Ya dubi furen, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Ya ɗauko waya ya yi magana a cikinta, ta fassara: wa ya rasu? Ashe a wajensu fari launin makoki ne.

Na karɓi wayar na zayyana mata komai, tun daga laka har zuwa adashe, sufa gulu kawai na tsallake. Yana karantawa yana dariya, har ya kwantar da kai a kan tebur yana dukansa da hannu. Da ya samu numfashi ya share hawaye, sai ya sake yin alamun nan na ranar farko, ɗaya bayan ɗaya: furanni, yatsu zuwa ƙasa, ni, ƙofa, tafi biyu. Sannan ya yi wa wayar magana ya juyo mini da ita. Ga abin da ta rubuta: "Na ce idan furannin sun zube, ka fitar da ita ka zubar. Mu ma haka muke yi bayan biki."

Ya ce in tafi da ita, tawa ce. Tana nan a lungun randa, ta fitar da ganye na shida. A bayan kalanda kuma saura Naira 12,000, an ce kafin Babbar Sallah.